Yadda Na Koyi Hawan Babur Ina Da 'Ya'ya Huɗu

 

Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta riƙe haɓa ta ce, "Sabon salo, kiran salla da usur! Matar aure da babur?" Kada ki ji komai 'yar uwa, ni ma abin da na faɗa ke nan a shekarar 2018, lokacin da muka je Damagaram bikin 'yar yayar maigidana. Muna shiga gari na ga mata da hijabansu suna ta wucewa a kan babura, wata da kwandon cefane a gaba, wata da jakar aiki a kafaɗa, babu ma mai ɗaga kai ya kalle su. Ita kanta Yaya a kan nata ta zo tarbar mu tasha. Na yi dariya har da ƙwalla, na ce, "Yaya, ashe haka kuka koma a Nijar?" Ta ce, "Ke dai bari ƙanwata, ranar da kika ɗanɗana ba za ki sake tsayuwa a bakin titi kina ɗaga wa ƙato hannu ba." Ban san bakinta zai kama ni ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ina zaune a Gumel ta Jihar Jigawa. Ƙaramin asibitin da nake aiki yana wani ƙauye mai nisan kilomita 13 daga gida, 9 kwalta, sauran 4 kuwa burji ne da rairayi. Maigidana malamin makaranta ne, an tura shi wata ƙaramar hukuma, sai ranar Juma'a da yamma yake dawowa ya koma Lahadi. Saboda haka kullum sai in shiga mota ta sauke ni a mararraba, daga nan in jira ɗan acaba ya ƙarasa da ni. Shekara da shekaru a haka nake, kuma ban taɓa jin daɗin zama a bayan namijin da ba muharramina ba, ina ta ƙoƙarin sa jaka a tsakaninmu, shi kuwa yana ta faɗawa ramuka kamar da gayya. Amma ya zan yi?

Sai ga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Kin dai san abin da ya biyo baya, tunda tukunyarki ma ta shaida. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Motocin haya suka ragu, 'yan acaba da yawa suka daina zaman mararraba domin fasinja ɗaya ba ya fitar da su. Na zauna na yi lissafi na ga kusan kashi ɗaya cikin uku na albashina a hanya yake ƙarewa.

Duk da haka ba kuɗin ne ya tura ni ba. Wata ranar Talata ce, ranar awon ciki, na tsaya a mararraba fiye da awa ɗaya da rabi babu abin hawa. Da na isa sai mai shara ta ce mini wata yarinya mai cikin fari ta zo tun da sassafe, ƙafafunta sun kumbura, tana kukan ciwon kai, ta gaji da jira mijinta ya mayar da ita gida saboda zai tafi gona. Kwana biyu tsakani jijjiga ta kama ta. Aka kai ta babban asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunta, amma abin da ke cikin bai zo da rai ba. Na san komai da ƙaddara, kuma ban ce da na zo da wuri da ya rayu ba. Abin da na sani shi ne, da na same ta da na auna jininta, kuma da na ga ya hau da a ranar zan tura ta gaba. Na yi sati ban yi barcin kirki ba.

Ranar Juma'ar da Malam ya dawo na yi masa tuwon shinkafa da miyar taushe, wadda na san ba ya iya yi mata musu, na bari ya ci ya sha ruwa, sannan na kawo maganar. Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Kin san garin nan kuwa?" Na ce na sani. Ya ce, "Kin san Hajiya?" Na ce ita ma na san ta. Ya ce in ba shi lokaci.

Hajiya, wato mahaifiyarsa, a gida ɗaya muke, sashenta daban. Da labari ya kai mata sai ta aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta ko amsa sosai ba ta ce, "'Yar nan, me muka yi miki za ki sa a riƙa nuna gidanmu da baki? A zuri'armu kaf babu macen da ta taɓa raba ƙafa a kan ƙarfe." Na so in tuna mata da 'yarta ta Damagaram, amma na haɗiye, na ce, "Allah Ya huci zuciyarki Hajiya." Wani lokaci shiru ya fi magana saurin isa.

Malam ne ya je ya sami malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa. Abin da ya dawo mini da shi shi ne, hawan abin hawa a karan kansa ba laifi ba ne ga mace, domin matan Sahabbai sun hau raƙuma da jakuna. Abin dubawa shi ne sutura, da yardar miji, da amincin hanya. Malamin ya ƙara da tambayarsa, tsakanin ta hau ita kaɗai da ta zauna a bayan baƙon namiji kullum sau biyu, wanne ya fi kwantar masa da hankali? Wannan tambayar ce ta gama aikin. Sai dai ya gindaya mini sharuɗɗa: ba zan sayi babur ba sai na iya, ba zan hau titi ba sai da lasisi a hannu, babu fita babu hular kwano, kuma babu hawa bayan magariba. A raina na ce wannan na lasisi dai neman hanyar hana ni ne, domin a unguwarmu ban san mai babur ɗaya da zai iya nuna miki lasisinsa ba. Daga baya na gane gata ya yi mini.

Ƙanena ne ya koya mini, a filin ƙwallon wata makarantar firamare, bayan sallar asuba kafin gari ya waye mutane su taru. Lokacin sanyi ne, hazo ya rufe ko'ina, hannuna har ƙagewa yake. Muka aro wani tsohon roba-roba na abokinsa. Kwana uku na farko ko tayar da shi bai bari na yi ba. Sai dai in tura shi in zagaya, in kafa shi a kan ƙafarsa, in sauke, in hau yana tura ni ina taka birki. Na ce masa, "Kai, ni fa ba wasa na zo yi ba." Ya ce, "Yaya, wanda bai iya tsayawa ba bai iya tafiya ba. Kowane yaro zai iya murɗa totur." Ko keke ban taɓa hawa ba, saboda haka daidaita jiki kawai ya ci mini sati guda.

Abubuwa biyu ya yi ta nanata mini har na haddace. Na farko, inda idonki ya kalla nan babur zai je. In kika ƙura wa rami ido kina tsoronsa, to cikinsa za ki faɗa. Ki kalli inda kike son bi. Na biyu maganar birki. Yawancin masu koyo suna tsoron birkin gaba, wato na hannu, suna dogara da na ƙafa kaɗai, alhali a kan kwalta na gaban ne yake yin mafi yawan aikin tsayarwa. Ana haɗa su ne biyun, a matsa a hankali kamar mai matsar lemon tsami, ba a damƙe lokaci guda ba. Amma a cikin rairayi ko tsakuwa, ko kina tsakiyar kwana, kika kuskura kika damƙe na gaba, tayar za ta zame ki sha ƙasa. Wannan kam ban yarda da shi ba sai da na gwada da jikina, na kwana biyu ina ɗingishi ina cewa Hajiya santsin banɗaki ne. Allah Ya yafe mini.

Faɗuwar da ta fi tsorata ni kuwa ba ta birki ba ce, kuma ita ce babban dalilin da ya sa na ɗauki biro na rubuto. A sati na uku na fara sakin jiki, ina zagaya filin a giya ta biyu, sanye da dogon hijabina mai kai wa idon sawu. Ban ankara ba sai na ji an fizgi wuyana ta baya da ƙarfi, kamar an jefa mini igiya. Ashe gefen hijabin ne iska ta kaɗa ya shiga tsakanin sarƙa da tayar baya, ya naɗe. Kafin in ce innalillahi ina ƙasa, babur a kan ƙafata, hijabi ya shaƙe ni ina kakari. Da reza ƙanena ya yanke shi. Na yi kwana goma da shatar ja a wuya. Ki duba fa, gudun da nake yi bai fi na mai sassarfa ba. Da a kan kwalta ne, da mota a bayana, da wata ce take ba ki wannan labari.

Wannan haɗarin bai tsaya ga mai tuƙi ba, ya fi ma samun wadda aka goya. Ke da kike hawa bayan maigida ko ɗan acaba da mayafi yana jan ƙasa, ko zanin goyo yana lilo, da ke nake. Ki tattare duk abin da ya sauka ki riƙe a cinya, ko ki zauna a kansa. A Indiya, inda mata ke ɗaura dogon sari, doka ce a sa wa babur wata raga a gefen tayar baya saboda wannan matsalar. Ni ma da na sayi nawa sai na kai wa mai walda ya yi mini irinta gefe biyu, kuma ban yarda a cire murfin sarƙa ba ko da bakanike ya ce yana ƙara. Shigar hawa kuwa na sauya ta: wando mai faɗi a ciki, doguwar riga a sama, hijabi iya gwiwa mai hannu, in zauna a kan bayansa in soke gabansa. Dogon yana cikin jaka, ina sauka nake zura shi. Silifas kuma na bar shi a gida, sai takalmi sau-ciki.

Sai maganar lasisi. Su Yaya can farmi suke ce masa. Ranar farko da muka je tambaya, tun kafin mu shiga wani mutum ya tare mu a bakin ƙofa, ya ce in kawo hoto biyu da kuɗi, ba sai na wahalar da kaina ba, "Hajiya har gida za a kawo miki." Malam ya ce masa mun gode. Ki riƙe wannan 'yar uwa, ko don maigida ko ɗanki: duk sabon lasisin da aka yi ba tare da an taɓa ɗaukar hoton mai shi da zanen yatsunsa ba, na jabu ne. Ranar da tsautsayi ya faɗa aka duba a kwamfuta ba a ga sunanki ba, kin yi asarar kuɗi kin kuma ƙara wa kanki laifi.

Hukumomi uku ne suke da hannu a cikinsa: Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba ababen hawa da muke kira VIO, da kuma hukumar tattara haraji ta jiha. Lasisin babur shi ne rukunin A, ba ɗaya yake da na mota ba, kuma sai mutum ya cika shekara 18. Aka haɗa ni da makarantar koyon tuƙi mai rajista, inda na koyi alamomin hanya da ban taɓa sanin suna da ma'ana ba duk da shekarun da na yi ina wuce su. Sannan jami'in VIO ya gwada ni. Aka cike takarda ta intanet da lambar NIN ɗina da rukunin jinina, na biya ta banki. A farkon 2024 da na yi nawa, kuɗin hukuma naira 5,000 ne na shekara 3, ko 8,000 na shekara 5; a watan Yunin 2025 aka mayar da su 7,000 da 11,000. Kuɗin makaranta da na mota daban.

Ranar gwaji gabana ya yi ta faɗuwa kamar ranar da aka kai ni ɗakin miji. Maza sun fi goma a wurin, duk suka bar abin da suke yi suka zuba mini ido. Jami'in, wani dattijo mai furfura, ya jera duwatsu ya ce in bi tsakaninsu, in zagayo, in tsaya daidai inda ya ja layi ba tare da na sauke ƙafa kafin nan ba. Ya nuna mini alamomi a wani allo ina faɗa masa. Da na gama ya sa hannu yana cewa, "'Yata, da duk masu baburan garin nan za su zo su yi abin da kika yi, da aikinku na asibiti ya ragu."

Wurin ɗaukar hoto Dutse muka je. Ba a ce in cire hijabi ba, fuska kawai suke son ta fito sosai. Amma ga inda na yi wauta: ana gobe za mu tafi aka yi suna a maƙwabta, na zauna aka zuba mini lalle har kan yatsu. Na'ura ta yi ta ƙin karɓar yatsuna, muka yi ta gogewa ana sakewa, mutane na jira a layi, Malam yana harara ta ta gefen ido. Da ƙyar ta karɓa. In za ki je, ki ɗaga wa lalle ƙafa. A ranar aka ba ni na wucin gadi mai aiki kwana 60, daga baya katin ya fito.

To, sai zaɓen babur, inda na ga kowa malami ne. Kuɗin dai na adashe ne zagaye biyu, da raguna biyu da na yi kiwo, Malam ya cika. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a watan Yunin 2023 kaya suke tashi, abin da aka faɗa mana a wata ɗaya ba shi muka tarar a wata na gaba ba, har na fara tunanin kuɗin ba za su taɓa kamo babur ɗin ba.

Ƙanena ya dage sai Bajaj Boxer, irin na 'yan acaba. Gaskiyarsa, yana da ƙarfi da juriya, kuma babu ƙauyen da za ki je ki rasa kayan gyaransa. Na hau na wani na gwada. Ni gajeriya ce, da ƙyar kan yatsuna suke taɓa ƙasa, ga nauyi, ga kulocin hannu da za ki riƙa matsawa kina saki, ga tanki a gaba wanda dole sai kin ɗaga ƙafa kin tsallaka kamar mai hawa doki. Na ce a kai kasuwa. Wata abokiyar aikina kuma ta nuna mini hoton sikuta a waya, irin mai ƙananan tayu da ba ta da giya sam, murɗawa kawai ake yi. Wallahi ta shiga raina, ga kyau, ga wurin ajiye jaka a ƙarƙashin kujera. Sai da na je wurin wani tsohon bakanike da ke gyara wa Malam nasa, ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, wannan ta 'yan birni ce. Ƙaramar taya ba ta shiri da rairayi, nutsewa take yi. Kuma ranar da bel ɗinta ya tsinke a ƙauyenku, sai an aika Kano. Ki je bakin kasuwar ƙauyen ki ga kayan wane babur ne a rataye a shagon mai gyara, shi za ki saya."

Haka na dawo kan roba-roba, irin wanda na koya da shi. Ana kiransa haka ne saboda robar da aka rufe jikinsa da ita. Asalin ƙirar ta kamfanin Honda ce ta Japan, wanda ya fito da Super Cub a 1958, kuma zuwa 2017 an ƙera fiye da miliyan 100. Yawancin waɗanda ke kasuwarmu na kamfanonin Sin ne irin su Lifan da Haojue da Jincheng, a kan wancan tsarin. Abin da ya sa ya dace da mace a bayyane yake. Gabansa a buɗe yake, zura ƙafa kawai za ki yi ki zauna ba tare da kin yaye sutura ba. Ba shi da kulocin hannu, sassauta totur za ki yi ki taka giya da ƙafa. Tayunsa manya ne, ba shi da nauyi, in ya faɗi ni kaɗai nake ɗaga abina. Na ɗauki mai inji 110, mai tashi da maɓalli da kuma kik, saboda ranar da batir ya yi sanyi. Kafin in biya sai da na zauna a kansa a cikin shagon na tabbatar tafin ƙafafuna biyu sun sauka ƙasa sosai. Kada kunya ta hana ki wannan gwajin, domin duk tsayuwar da za ki yi a hanya a kan ƙafafun nan za ki yi ta.

Mun yi ja-in-ja a kan sabo ko na hannu. An kawo mana wani na hannu har gida, fes da shi, kusan rabin kuɗi. Malam ya ce a kawo rasit na asali. Mai shi ya ce ya ɓata a ƙaura. Ya ce to a je a rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu, a duba lambar inji da ta jiki. Mutumin ya ce zai dawo gobe, har yau gobe ba ta yi ba. Satar babura ta yi yawa, kuma wanda aka kama abu a hannunsa shi ne ɓarawo har sai ya wanke kansa. Ban ce kada a sayi na hannu ba, akwai na kirki, amma a tafi da bakaniken da aka yarda da shi, a tayar da injin yana sanyi a ga ko yana hayaƙi, a kuma ga takardu. Mu dai Kano muka je muka ɗauko sabo a kwali, aka haɗa shi a gabanmu. Na so ja, Malam ya ce ja yana kiran ido, muka ɗauki ruwan toka. Har yanzu in na ga ja a hanya sai na bi shi da kallo.

Kada ki kashe kuɗinki kaf a kan babur ɗin, akwai sauran hidima a gaba: rajista da lamba, da inshora wadda take biyan wanda kika yi wa ɓarna, naira 3,000 ce a shekara lokacin da na yi, sai kuma hular kwano.

Masu shekaruna za su tuna watan Janairun 2009, da aka fara tilasta sa hular kwano, yadda wasu 'yan acaba a Kano suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka suna ɗaurewa da igiya, fasinjoji kuma suna gudun hular wai ana asiri da ita. Mun yi dariya a lokacin. Na daina dariyar tun da na fara karɓar waɗanda aka kwaso daga hanya. Karaya tana ɗoruwa, fatar da ta saɓule tana tofowa, amma wanda kansa ya bugi kwalta, in ma ya tashi, sau da yawa ba shi ne yake dawowa gida ba. Na sayi mai rufe har haɓa, mai gilashi saboda ƙura da ƙwari, na gwada ta a kan hijabi kafin in biya. Dole na haƙura da tulin gashi a ƙeya da ɗaurin ɗankwali mai ƙulli, sai kitso kwantacce. Kuma in ba a ɗaure igiyar haɓa ba, ado kawai aka yi, domin ita ce farkon abin da zai tashi.

Yara kuwa tun ranar farko suka yi layi kowa yana son a ɗana shi. Na ce babu wanda zai hau sai wanda ƙafarsa ta kai matakin baya kuma yana da tasa hular, shi ma sai da na yi wata shida ina hawa ni kaɗai. Goyo a baya a kan babur ban taɓa yi ba. Kuma ina shigowa gida nake kafa shi ta yadda salansa zai fuskanci bango, saboda ba zan iya ƙirga yaran da na wanke wa ƙunar salansa a ƙwauri ba. Babban ɗana shekararsa 15, ya iya sarai, a wurin abokai ya koya ba da sanina ba. Makulli a lalitata yake kwana.

Ranar da na fara fita aiki da shi ta kama Alhamis, ban yi tunani ba, ranar kasuwar Maigatari ce. Hanya cike da manyan motocin shanu da amalanke da raƙuma. Duk tirelar da ta wuce sai iskarta ta girgiza ni, na riƙe gefen hanya ina ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na kuma tuna gargaɗin makaranta cewa in ba ki hango direba a madubinsa ba, to shi ma bai gan ki ba. Yara suka bi ni da gudu suna ihu, "Mace a babur! Mace a babur!" Wani dattijo a bakin masallaci har da miƙewa tsaye. Ƙarfe takwas saura kwata na buɗe asibiti, mai shara ta zo ta same ni a ciki tana ta salati. Lita ɗaya takan kai ni ta dawo da ni har da saura.

An yi magana, ba a fasa ba. An ce na fi ƙarfin mijina, an ce boko ya yi mini yawa, wata ma a gidan biki ta tambaye ni ko yaushe zan fara ɗaukar fasinja. Yanzu sun gaji. Mu uku ne a yankin, da wata malamar Islamiyya da wata mai sayar da atamfofi, ita ma a filin ƙwallon nan ta koya, ni na riƙe mata baya.

Hajiya dai har yau ba ta ce ta yarda ba, kuma ko kallon babur ɗin ba ta yi in za ta wuce. Sai dai wata safiya na makara, na fito da sauri na tura shi har zaure, sai na ji muryarta daga ɗaki, "Ke 'yar nan! Ina kwanon naki?" Na taɓa kaina na ji babu. Na koma na ɗauko, na tarar da ita a bakin ƙofa da carbi a hannu, ba ta koma ciki ba sai da ta ga na ɗaure igiyar.